Yadda Ake Rubuta Tarihin Wasan Tsohon Ɗan Ƙwallon da Ya Koma Koci

Duk wanda ya saba zuwa filin wasa na Giginya a Sakkwato da yamma, ko filayen makarantun da matasa ke atisaye a Mabera da Arkilla da Runjin Sambo, ya san irin dattijon da nake nufi. Yana tsaye a bakin layi da usur a wuya, yara suna ce masa Koci, kuma in ka tambaye su a wace ƙungiya ya buga, ko a wane gurbi, sai su yi ta kallon juna. Sun san shi a matsayin mai horarwa, amma shekarun da ya yi yana taka leda da ƙafarsa sun ɓace musu. Wannan rubutu jagora ne ga matashin da yake son tattara waɗancan shekaru ya rubuta su yadda za a iya dogara da su. Zan riƙa kawo misali da Kazi Salahuddin na ƙasar Bangaladash, domin rayuwarsa ta ƙunshi kusan dukkan wuraren da mai wannan aiki ke yin tuntuɓe: ya buga wa ƙungiyoyi a gida da waje, ya buga wa ƙasarsa, ya zama koci, daga baya kuma ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙasar tun daga 2008 har zuwa 2024.

Abin da za ka fara yi, tun kafin ka je gidan kowa, shi ne ka shata iyaka tsakanin ɗan wasan da mutumin da ya zama daga baya. Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma a nan ne na ga mutane da yawa suna kuskure. Matashin Bangaladash da aka haifa bayan 2000 ya san Salahuddin ne a matsayin shugaban hukuma, wanda ake yabo ko ake suka a jarida gwargwadon yadda ƙungiyar ƙasa ta yi a wasa, saboda haka in aka ce ya rubuta tarihinsa, ra'ayinsa game da shugaban ne zai rina labarin ɗan wasan. Alhali ɗan wasan ya yi ritaya tun 1984, shekara 24 kafin ya hau waccan kujera. Ka ɗauki littafin rubutu mai kauri, ka keɓe shafi guda ga kowace shekara tun daga wasansa na farko a ƙungiya har zuwa na ƙarshe, ka kuma yi wa kanka alƙawarin cewa abin da ya faru bayan shafin ƙarshe ba zai shigo cikin waɗannan shafuka ba.

Ga misalin da zai nuna amfanin wannan iyaka. Ƙungiyar Abahani ta Dhaka, babban birnin Bangaladash, ta ci gasar lig sau uku a jere, a 1983 da 1984 da 1985, kuma Salahuddin yana da hannu a duka ukun. Mai gaggawa zai rubuta cewa ya ci kofi uku a jere ya wuce. Amma na 1985 ya ci shi ne yana zaune a benci a matsayin koci, ba a cikin fili ba, don haka wannan kofi ba ya cikin lissafin wasansa. Irin wannan cakuɗuwa tana da yawa a wurinmu, musamman ga waɗanda suka yi shekara ɗaya ko biyu suna bugawa kuma suna horarwa a lokaci guda saboda ƙungiyar ba ta da kuɗin ɗaukar koci. In ka ci karo da irin wannan shekara, ka rubuta ta a fili yadda take, ka tambayi wasannin da ya shiga da kansa da waɗanda ya tsaya a waje.

Bayan ka shata iyaka, sai ka gina ƙashin bayan tarihin, wato jerin ƙungiyoyi da shekarunsu. Na Salahuddin yana tafiya kamar haka: Wari a 1969, Mohammedan daga 1970, sannan Abahani daga 1972, shekarar da Sheikh Kamal, ɗan shugaban ƙasar na farko, ya kafa ta, har zuwa ritayarsa, ban da ɗan lokacin da ya tafi Hong Kong a 1975 ya buga wa Caroline Hill, abin da ya sa ake lissafa shi a matsayin ɗan Bangaladash na farko da ya buga ƙwallon sana'a a wata ƙasa. Ka lura da cewa jerin ba ya ɗauke da yabo ko kaɗan, sunaye ne da shekaru kawai. Haka nake so naka ya kasance da farko. Kwalliya tana zuwa daga baya, kuma ba ta zama a kan ginin da bai tsaya ba.

A nan akwai wani tarko da ya shafe mu kai tsaye, shi ne canjin sunayen wurare da na gasanni. Lokacin da Salahuddin ya buga wa Wari da Mohammedan a 1969 da 1970, babu ƙasa mai suna Bangaladash, yankin Gabashin Pakistan ne, sai bayan yaƙin 1971 ƙasar ta samu 'yancinta. Haka kuma gasar da ya yi suna a cikinta gasar birnin Dhaka ce, wadda ita ce mafi girma a ƙasar a zamaninsa, domin gasar ƙwararru ta ƙasa baki ɗaya ba ta fara ba sai 2007. Wanda ya rubuta cewa ya yi fice a gasar ƙwararru ya sa shi a cikin abin da bai taɓa bugawa ba. To mu ma haka lamarinmu yake. Daga 1967 zuwa 1976 Sakkwato hedikwatar Jihar Arewa Maso Yamma ce, Kebbi ba ta fita daga Jihar Sakkwato ba sai 1991, Zamfara kuma sai 1996. Idan dattijo ya ce maka ya buga wa jiha a 1985, abokan wasansa suna iya kasancewa mutanen Gusau ko Birnin Kebbi ko Argungu, kuma can za ka bi sawunsu. Kofin ƙalubale na ƙasa ma ya sauya suna fiye da sau ɗaya tun da aka fara shi a 1945. Ka rubuta kowace gasa da sunan da ake kiranta a shekarar da aka buga ta, sannan ka yi wa mai karatu bayanin abin da ta zama a yau.

Sai zuwa wurin mai tarihin da kansa, kuma wannan mataki ya fi kowanne buƙatar natsuwa. Kada ka tare shi a fili yana cikin aiki. Ka nemi wanda yake jin nauyinsa ya yi maka iso, ka je gida bayan La'asar ko bayan Isha'i, ka zauna a zaure, ka gaishe shi yadda ya kamata, kada kuma ka ciro waya ko biro kafin gaisuwa ta ƙare. In sa'ar mahaifinka ne ka ce masa Baba, in abokin kawunka ne ka ce Kawu, in kuwa kowa Koci yake ce masa, ka haɗa biyun ka ce Baba Koci. Ka faɗa masa abin da ya kawo ka ba tare da kewaye-kewaye ba: "Baba, so nake in rubuta shekarun da kuka yi kuna wasa, don jikokinku su same su a rubuce. In kun yarda zan naɗi muryarku, kuma ba zan fitar da komai ba sai na karanta muku." Wannan alƙawari na ƙarshe shi ne ke buɗe baki, kuma wajibi ne ka cika shi.

Tambayar da ba ta haifar da komai ita ce ka ce ya ba ka tarihinsa. Zai ba ka labari uku ko huɗu da ya saba bayarwa a majalisa, waɗanda yawan maimaitawa ya goge musu kaifi. Tambayoyin da ke tono abin da ya nutse ƙanana ne. Wane ne ya fara ba ku takalmin wasa? Da wace mota kuka je Kaduna, kuma a ina kuka kwana? Wa yake tsaron gida ranar? Da azumi aka buga ko bayan salla? Wane gwamna ne ya miƙa kofin? Dattawanmu ba kasafai suke riƙe shekara da lamba ba, amma suna riƙe ta da abin da ya faru a cikinta, kamar shekarar da aka yi canjin kuɗi, ko shekarar rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wato 1988, ko shekarar da aka haifi ɗansa na fari. Aikinka ne ka mayar da waɗannan alamomi zuwa lambobi bayan ka koma gida. Kuma in ya yi magana da Sakkwatanci, ya ce "munka ci su biyu da nema", ka bar maganar yadda ta fito daga bakinsa a duk inda ka kawo ta a matsayin zancensa, domin gyara ta zuwa daidaitacciyar Hausa yana cire mata mai ita.

Ina jaddada gaggawa a wannan mataki saboda abin da ya same ni. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi tsaron gida shekaru masu yawa kafin ya koma horar da yara, na yi ta cewa zan je in zauna da shi in an sha ruwa, in an gama jarrabawa, in damina ta wuce, har Allah ya yi masa rasuwa. Da na je gaisuwa na tambayi hotunansa, sai aka ce suna cikin wata akwati da ruwa ya shiga shekarun baya. Abin da ya rage na wasansa yanzu shi ne abin da mutum biyu ko uku ke iya tunawa, kuma su ma sun manyanta. A Bangaladash ma Zakaria Pintoo, kyaftin ɗin farko na ƙungiyar ƙasar, ya rasu a Nuwamban 2024, sai dai shi an yi hira da shi sau da yawa tun yana raye, shi ya sa labarinsa bai bi shi kabari ba.

Abin da baki ya faɗa sai an gwada shi da takarda, abin da takarda ta faɗa kuma sai an gwada shi da wani bakin. Mu mutanen garin da aka san darajar isnadi ne, inda malami ba ya karɓar ruwaya sai ya san daga wa aka ji ta, kuma ban ga dalilin da zai sa mu sassauta wannan ƙa'ida don maganar ta ƙwallo ce ba. A gefen kowane bayani ka rubuta inda ka samo shi: shi ya faɗa, ko abokin wasansa, ko jarida, ko bayan hoto. Wuraren nema a kusa da mu sun haɗa da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da tsofaffin ma'aikatan sashen wasanni na Rediyon Rima, waɗanda wasunsu suka kalli wasannin da idonsu suna ba da rahoto. In hali ya yi, ka je Kaduna ka duba tsofaffin kofen New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo a Gidan Arewa ko a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Ka fara da shafukan baya, can wasanni suke, kuma ka duba fitowar kwana biyu ko uku bayan ranar wasan, domin rahoto daga Sakkwato yakan ɗauki lokaci kafin ya isa wurin bugawa.

Wajen ƙidayar ƙwallaye kuwa, ka zama mai tsantseni ƙwarai. Ana iya cewa Salahuddin ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Dhaka a 1973 da 1977 da 1979 da 1980 saboda jaridun birnin sun bi gasar mako-mako. Yawancin 'yan wasanmu na da ba su samu wannan gata ba. In dattijo ya ce ya ci ƙwallo 30 a kaka guda, ka rubuta cewa shi ya faɗa, kada ka mayar da shi hukunci, kada kuma ka ƙaryata shi a gabansa. Ƙwallo biyar da ka tabbatar da ranakunsu da ƙungiyoyin da aka ci sun fi ɗari da ba su da shaida. Haka nan ka bambanta wasan gasa da na sada zumunci, ka bambanta buga wa ƙungiyar jiha da gayyata zuwa sansanin horo, domin da yawa an gayyace su sansani amma ba a sa su a wasa ba, kuma da tafiyar shekaru iyalansu sukan haɗe biyun.

Wasannin ƙasa suna da sauƙin tabbatarwa fiye da na ƙungiya, shi ya sa ya kamata a rubuta su da cikakken bayani. A 1973 Bangaladash ta buga wasanta na farko a gasar Merdeka ta Malesiya, ta yi kunnen doki biyu da biyu da Tailan, Enayetur Rahman ya ci ta farko, Salahuddin ya ci ta biyu. A 1980 ta je gasar cin kofin Asiya a Kuwait, wadda ita ce kaɗai zuwanta wannan gasa, ta sha kashi a wasanninta huɗu, ciki har da ci bakwai da nema a hannun Iran, kuma ƙwallaye biyun da ta samu a gasar duka a wasan Koriya ta Arewa ne, wanda aka tashi uku da biyu, Salahuddin da Ashrafuddin Chunnu suka ci su. Na kawo ci bakwai ɗin da gangan. Tarihin da ya ɓoye ranakun kunya ba ya samun amincewar mai karatu a ranakun nasara, kuma tsohon ɗan wasa na gaskiya yakan fi tuna ranar da aka lallasa su fiye da ranar da suka yi nasara cikin sauƙi.

Akwai kuma abubuwan da suka faru a wajen fili amma ba za a fahimci wasan ba sai da su, kuma a nan ne ake buƙatar hankalin marubuci wajen zaɓe. A 1971, Salahuddin bai cika shekara 18 ba ya tsallaka Indiya ya shiga ƙungiyar Shadhin Bangla, wadda ta riƙa zagayawa tana buga wasanni don tara kuɗi da neman goyon baya ga yaƙin 'yanci, kuma ya buga da sunan aro, Turjo Hazra, don kare iyalinsa da ke Dhaka. Wasansu na farko an yi shi a Krishnanagar a watan Yuli na shekarar, inda suka ɗaga tutar ƙasar da ba a riga an amince da ita ba. Wanda ke neman sunan Salahuddin a rahotannin waɗancan wasanni zai iya wuce shi bai sani ba. Wannan darasi ne gare mu, domin 'yan wasanmu da yawa an san su da laƙabi ne, wani sunan unguwarsa, wani sunan shahararren ɗan wasan waje da aka ga yana kama da shi, har jarida ma da laƙabin take buga shi. Tun a zaman farko ka tambayi duk sunayen da aka taɓa kiransa da su.

Sai kuma abin da ya faru a Satumban 1982, lokacin mulkin soja na Janar Ershad, inda rikici ya tashi a wasan Abahani da Mohammedan, aka kama 'yan wasan Abahani, kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikinsu, har da Salahuddin da Chunnu, kafin a sake su ba su cika wata guda ba. Ba za a gane nauyin wannan ba sai an san yadda hamayyar ƙungiyoyin biyu ta raba birnin Dhaka gida biyu a wancan zamani, kafin wasan kurket, wanda ake bugun ƙaramar ƙwallo da sanda, ya janye zukatan jama'a bayan nasarar da ƙasar ta samu a wannan wasa a 1997. Irin wannan lamari yana shiga tarihi saboda ya faru a bainar jama'a kuma ya taɓa wasan kai tsaye. Amma rigimar gida, ko bashi, ko saɓanin da ya shiga tsakanin mutum biyu da ɗayansu ya riga mu gidan gaskiya ba zai iya kare kansa ba, ra'ayina shi ne a bar su a zaure inda aka faɗe su. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne in tambayi kaina ko abin ya canza inda ya buga, ko yadda ya buga, ko lokacin da ya daina.

Kada ka manta da yadda yake wasan. Jerin shekaru da kofuna ba ya nuna wa yaron da bai gan shi ba ko da wace ƙafa yake bugu, ko yana da gudu, ko ya iya ƙwallon sama, ko shi ne mai tsawata wa 'yan baya. Wannan bayani ba daga bakinsa ake samunsa ba, domin kunya ko alfahari za su shiga. Ka nemi wanda ya yi gadinsa a fili, wato ɗan bayan ƙungiyar hamayya, shi ne zai gaya maka gaskiyar abin da ya sha a hannunsa. In akwai hanyar haɗa zamaninsa da wani da matasa suka sani, ka yi amfani da ita. Yaran Sakkwato sun san Shehu Abdullahi, ɗan garin nan da ya ci lambar tagulla a wasannin Olamfik na Rio a 2016 kuma ya buga gasar cin kofin duniya ta 2018, don haka in dattijonka ya taka filayen da irinsu suka taso a kai, faɗin hakan zai sa su saurara. Mutanen Dhaka ma har yau suna tuna Emeka Ezeugo, ɗan Najeriya da ya buga wa Mohammedan kafin ya je gasar cin kofin duniya ta 1994.

Shafi na ƙarshe shi ne na barin wasa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Ka tambayi wasan ƙarshe da ya buga, da abin da ya sa ya tsaya, ko rauni ne a gwiwa, ko aure da nauyin iyali, ko canjin wurin aiki, tun da yawancin 'yan wasan da ma'aikatan gwamnati ne ko na kamfani. Ka tambayi wanda ya fara miƙa masa usur, da ko ya je kwas a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. A nan za ka ja layi, aikin koci kuma ya jira nasa littafin.

Idan ka kammala rubutawa, ka koma zauren da ka fara zama, ka karanta masa da babbar murya daga farko har ƙarshe, zai fi kyau a gaban ɗaya daga cikin abokan wasansa, domin a nan ne za ka ji an ce ba a Gusau aka yi wancan wasa ba, a Ƙauran Namoda ne. Ka gyara abin da shaida ta goyi baya, inda suka saɓa kuma ka kawo ruwayoyin biyu da sunan mai kowace. Hotunan da aka ba ka aro ka ɗauke su da waya gaba da baya, ka rubuta sunayen waɗanda ke ciki daga hagu zuwa dama tun mai hoton yana kusa da kai, ka mayar da su a ranar. Sannan ka buga kofe uku a takarda, ɗaya na iyalinsa, ɗaya naka, ɗaya kuma ka kai ɗakin karatu, muryar da ka naɗa kuwa ka ajiye ta a wuri biyu daban, kada ta zauna a cikin waya kaɗai.